Kurajen fuska lokacin balaga: datti ne, gyaɗa ce, ko man da ake shafawa ne ke ƙara rura wutar?

Wai me ke kawo wa yara kurajen fuska da zarar sun fara tasawa, kuma me ya sa duk abin da aka shafa sai su lafa na kwana biyu su sake dawowa fiye da da? Tambayar nan ba inda ba a yin ta yanzu, a gidan biki, a guruf ɗin iyaye na makaranta, a TikTok inda kullum sai ka ga wata ta ɗaga roba tana rantsuwa cewa kwana uku fuska za ta yi sumul. Amsoshin ma kowa da tasa, wannan ya ce ƙazanta ce, wancan ya ce gyaɗa da man shanu ne, wata ta ce jini ne ya ɓaci a nemo maganin wankin jini, wasu kuma kai tsaye za su ce wa yarinya 'yar shekara sha huɗu ai aure take so. Ni dai abin da nake gani a nan Kaduna shi ne yawancin fuskokin da suka lalace ba kurajen ne suka lalata su ba, abin da aka yi ta labta musu ne saboda gaggawa, shi ya sa nake so mu bi maganar a hankali.

Abin ya kai yawan da ake faɗa kuwa?

Ya kai har ya wuce. Akwai binciken da wani likitan fata, Dr. Husain Yahya, ya yi a kan ɗaliban wata sakandare a nan cikin Kaduna, aka wallafa shi a 2009. Ɗalibai 418 aka duba fuskarsu, aka samu sama da kashi 90 cikin 100 suna da kurajen, sai dai mafi yawansu marasa tsanani ne. To kun ga kenan a aji guda da wuya a samu yara biyar da suka tsira, ba wai ɗanki ko 'yarki ce kaɗai aka zaɓa ba. Kuma tun da can ma an san su, bar-ni-da-mugu iyayenmu ke ce musu, bambancin kawai da babu kyamarar waya a fuskar kowa safe da yamma, babu kuma masu tallar haɗin man shafawa a aljihun yaro.

Me ke faruwa a cikin fatar?

Fatar fuska da ƙirji da gadon baya cike take da 'yan ƙananan ƙofofin gashi, kowace ƙofa akwai wata 'yar jaka a ƙarƙashinta da ke fitar da maiƙo don fata kar ta bushe. Lokacin balaga jiki na ƙara samar da wasu sinadarai da ake kira homon, musamman irin na maza, waɗanda mata ma suna da nasu daidai gwargwado, su ne ke sa jakar nan ta girma ta riƙa kwararo da maiƙo fiye da kima. A daidai lokacin kuma matacciyar fata da ya kamata ta riƙa zubewa da kanta sai ta manne da maiƙon ta toshe bakin ƙofar, kamar dai yadda leda da yashi ke toshe kwalbati da damina, ruwa na zuwa ta baya amma ba hanyar fita.

Idan bakin ƙofar a rufe yake sai ka ga ɗan farin ƙurji ƙarami. Idan a buɗe yake iska ta taɓa abin da ke ciki sai ya yi baƙi, shi ne baƙaƙen ɗigon nan na kan hanci, kuma wallahi ba datti ba ne, ko sau goma aka dirje da soso ba zai fita ba. Sannan akwai wata ƙwayar bakteriya da dama can tana zaune a fatar kowa, mai kuraje da marar kuraje, to idan ta samu ƙofa a toshe ga maiƙo ya taru sai ta hayayyafa, jiki ya taso yaƙar ta, nan ne ake samun kumburi da zafi da mugunya. Manyan nan masu tauri da ke can ciki suna ciwo ko ba a taɓa ba, su ne suka fi barin tabo mai rami. Gado ma yana ciki, in uba ko uwa sun sha fama to da alama yaran ma za su taɓa. 'Yan mata kuma da yawa za su gaya miki kwanaki kaɗan kafin al'ada abin ke tasowa, wannan ma aikin homon ne.

Gyaɗa, datti da maganar aure

Maganar gyaɗa ita ce ta fi kowace kama zuciyar mutane, har akwai gidajen da aka hana yaro ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da miyar taushe. Gaskiya babu wata ƙwaƙƙwarar hujja ta bincike da ta nuna cewa man da ka ci shi ne ke fitowa ta fuska, maiƙon fata jiki ne ke haɗa abinsa. Inda masu bincike suka fi ganin alaƙa shi ne abinci mai saurin ɗaga sukari a jini, lemon kwalba, alawa, biskit, farin burodi, shayi mai sukari cokali huɗu, sai kuma madarar shanu ga wasu mutanen. Ko su ɗin ma ƙara abin suke yi, ba su ne tushensa ba. In yaro ya lura da kansa cewa duk ranar da ya ci wani abu sai fuskarsa ta tashi to ya rage, amma a daina hana yara abinci mai gina jiki ana barin su da lemon kwalba kullum a lokacin tara.

Datti kuwa, na riga na faɗa, toshewar daga ciki take farawa. Yawan wanki da dirza ma ƙara fusata fata yake yi.

Ita kuwa maganar wai sha'awa ce ko aure ake so, dan Allah a bar ta. Abin da ya haɗa su kawai lokaci ne, duka a shekarun balaga suke zuwa, ga matan aure nan da 'ya'ya uku suna fama da kuraje. Yarinya tana JSS 3 a faɗa mata haka a gaban baƙi ana dariya, gobe ba za ta sake kawo kukanta wajen uwa ba, wajen ƙawa za ta kai, ƙawar kuma ta haɗa ta da mai sayar da haɗi.

Tabo, wanda shi ne ainihin abin da ke damun yaranmu

Mu masu baƙar fata, duk inda fata ta kumbura ko ta ji rauni sai ta ƙara zuba launi a wurin, shi ya sa ƙurji zai yi sati ɗaya ya tafi amma baƙin tabonsa ya yi wata shida, wani har shekara. Sau da yawa in ka kalli fuskar yarinya da kyau kurajen da ke raye ba su fi huɗu ko biyar ba, sauran duk tabon na baya ne. Irin wannan baƙin tabo yana gogewa da kansa a hankali in an bar shi kuma an hana sababbi fitowa, wanda ba ya tafiya da kansa shi ne mai rami da mai tudu.

Babban mai kawo tabo kuwa hannu ne. Matsewa da farce, tsokana da tsinke ko allura, ko ƙawa ta kwantar da ke a cinya ta ce bari ta fitar miki, duk yana tura abin can ciki ne ya fashe a ƙarƙashin fata, kumburin ya ninka. Na san da wuya a ga farin kai ya nuna a madubi a kau da kai, amma minti ɗaya na matsa shi ne wata shida na tabo. Rana ma tana ƙara wa tabo duhu.

Haɗin roba marar suna da kirim ɗin kemis

A nan ne nake so a tsaya sosai. Ki shiga kasuwa ɓangaren kayan kwalliya, ko ki duba sitatus ɗin masu sayarwa, za ki ga 'yar farar roba ba suna ba lambar NAFDAC ba jerin abin da ke ciki, sai dai sitika da lambar waya da kalmar oganik. Man a ciki laushi gare shi, ga ƙamshi, wani ruwan hoda wani kalar madara, mai sayarwa ta buɗe ta lakato ta shafa miki a bayan hannu ta ce taɓa ki ji. Ki tambaye ta me aka zuba, za ta ce sirrin sana'a ne, ko ta lissafo zuma da kurkum da man kaɗanya. Ba na cewa duk mai haɗa man shafawa macuciya ce, wasu su kansu ba su san me ke cikin tubunan da suke matsewa a ciki ba, a wajen wata suka koya. Amma zuma da kurkum ba sa kwantar da kuraje cikin kwana uku su kuma haska fuska cikin sati ɗaya. Abin da ke wannan aikin sitiroyid ne.

Sitiroyid magani ne na gaske, likitoci na rubuta shi don wasu cututtukan fata masu ƙaiƙayi da kumburi, na ɗan lokaci kaɗan. A jikin kwali za ka ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Su ne kuma ke cikin kirim ɗin nan masu aiki uku da ake saya a kemis kamar alawa, Funbact-A na ɗauke da betamethasone, Skineal na ɗauke da clobetasol, kuma ba don kurajen balaga aka yi su ba. Aikinsa danne kumburi, to da an shafa sai ja da zafin su kwanta, fuska ta yi fayau, yaro ya ce ya samu magani. Ƙofar kuwa tana nan a toshe. Bayan 'yan makonni sai wasu sababbin kuraje ƙanana iri ɗaya su feso a goshi da kumatu, waɗanda shi kansa maganin ne ya haifar, fata ta yi siriri har ana hango jijiyoyi, ta daina jure rana, gashi ya fara tsirowa a gefen fuska, in ana shafawa a jiki nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙyasbi da makero su samu wurin zama. Ranar da aka daina kuma fuska ta yi bore, zafi da ƙaiƙayi da kuraje fiye da farko, sai a koma a sake saya, mai sayarwa ta ce ai dama ba a dainawa. Garin neman gira an rasa ido kenan.

Sauran abubuwan da ake zubawa a irin wannan haɗi don haska fata su ne sinadarin hydroquinone da na makuri. Dokar NAFDAC ta hana makuri a kayan shafa, hydroquinone kuma kar ya wuce kashi 2 cikin 100, amma wa ya auna na cikin roba marar suna? Hydroquinone in an daɗe ana shafawa yana kawo baƙin nan mai kamar ƙuna a saman kumatu wanda fitarsa ke da matuƙar wahala, makuri kuma ƙoda yake taɓawa. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne 'yan mata da yawa ba da niyyar yin fari suka fara ba, tabon kuraje suka je gogewa.

Wadda ta riga ta daɗe a kan irin wannan man, gara ta ga likita ya tsara mata yadda za ta sauka daga kansa, ta kuma tafi da robar ko tubun a jaka ya gani, kar ta ji kunya.

Na kicin da na banɗaki

Lemun tsami a fuska sannan a fita rana yana iya ƙona fata ya bar baƙin shaci. Makilin, kanwa, toka, tafarnuwa, Dettol a ruwan wanke fuska, duk ƙuna suke yi, bushewar da ake gani ana murna ba warkewa ba ce. Akwai masu fasa kafso su barbaɗa garin, da masu shan Ampiclox duk lokacin da ƙurji ya fito, wannan kam koya wa ƙwayoyin cuta jure magani ne kawai. Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, wasu yana karɓar su, amma yana da kaifi, in bayan wanka fuska na ɗaurewa tana raɗaɗi to ya fi ƙarfinta. Dilka da gurza fuska a kan kuraje masu rai ma a haƙura tukunna.

To me ke aiki?

Abubuwan ba su da yawa kuma ba su da armashi a bidiyo. Wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da kuma bayan an yi gumi sosai kamar an dawo daga ƙwallo, da sabulu marar kaifi da tafin hannu, ba soso. Alwala ba ta cikin lissafi, ruwa ne zalla ba ya cutarwa. A tsane da tawul mai tsabta na mutum shi kaɗai, a canza rigar filo akai-akai, in an yi kwalliya a wanke ta kafin barci komai gajiya.

Sai magani guda ɗaya, ba biyar a tare ba. A famasi mai rajista ana samun benzoyl peroxide, a fara da mai ƙarfin 2.5 ko 5 cikin 100, yana kashe ƙwayar bakteriyar kuma ba ta saba masa. Gargaɗi ɗaya da ba a cika yi ba, yana cin kalar kaya. Yarinya za ta shafa da safe ta zura hijabin makaranta mai ruwan bula, kafin sati ta ga zagayen fuskar hijabin ya koɗe ya yi fari-fari daidai haɓa da goshi, haka rigar filo da tawul, to a shafa da dare a wanke hannu, a sa farar rigar filo. Akwai salicylic acid, yawanci kashi 2 cikin 100, mai taimaka wa ƙananan toshewa da baƙaƙen ɗigo. Akwai adapalene 0.1, wanda ke hana ƙofar toshewa tun farko, ana shafa ɗan kaɗan daidai ƙwayar wake a duk wurin da kurajen ke fitowa da dare, ba a kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Azelaic acid kuma yana da daɗin sha'ani ga fatarmu don yana taɓa kurajen yana kuma rage baƙin tabo.

Duk wanda aka ɗauka a fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya, don makonnin farko fata na iya bushewa ta yi saɓa, wani lokaci ma kamar abin ya ƙaru. Nan ne mutane ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Sati shida zuwa takwas ake ba shi kafin a fara ganin canji, cikakken aikinsa sai wajen wata uku, kuma in fuska ta yi kyau ba a yankewa gaba ɗaya. Wannan jiran shi ne duk wahalar, don magani na gaskiya yana cewa wata uku, mai roba tana cewa kwana uku, yaro ɗan shekara sha biyar kuma ga bikin yaye ɗalibai saura sati biyu. Shi ya sa sai babba ya tsaya a kai yana ƙarfafa masa gwiwa.

Man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama a jikinsa yana taimakawa sosai wajen tabo, na san yana da tsada kuma wasu na barin fari a fuska, wanda bai samu ba ko lema da neman inuwa sun rage wani abu.

Hunturu, zafi, hijabi da aski

Da hunturu fata na bushewa ta yi furu-furu, sai a kwaɓa basilin ko man kaɗanya ko man kwakwa a fuska kamar yadda ake yi wa ƙafa. Jiki ya sha mai ba laifi, amma fuska mai kuraje mai marar nauyi take so, irin wanda ke nutsewa nan take. Kuma ko fuska mai maiƙo ce tana buƙatar sa in ana amfani da magungunan da na ambata. Da zafin Maris da Afrilu kuma sai kurajen zafi su shigo, ƙanana masu ƙaiƙayi a wuya da baya, waɗannan daban ne, iska da wanka da kaya marasa nauyi suke so.

In kurajen a goshi da gefen kunne suka taru a duba man gashi. Man kitso mai kauri yana narkewa da gumi ya gangaro, ga ɗankwali ko hular hijabi ta matse wurin tun safe har la'asar, daga boko a wuce islamiyya ba a canza ba. Ba cire hijabi ne magani ba, a samu biyu ko uku ana musanyawa ana wankewa, a zaɓi yadi mai shan iska, man kitso kuma ya tsaya a fatar kai. Samari ma haka, bakin hula da man da ake shafa wa suma. Sannan kurajen da ke fitowa a gemu da ƙeya bayan aski ba na balaga ba ne, gashi ne ke lanƙwasawa ya koma cikin fata, maganinsa a daina ƙwalƙwal da reza a bar ɗan tsawo, na ƙeya kuwa in suka fara tauri suna haɗewa a je asibiti da wuri don suna zama tabo mai tudu.

Yaushe za a wuce famasi a tafi asibiti?

In kurajen manya ne masu ciwo a can ciki, in sun fara barin rami, in sun cika baya da ƙirji, ko an yi wata uku ana bin ƙa'ida ba canji. Haka yarinyar da kurajenta ke tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa ko ƙiba mai sauri, wannan yana iya zama matsalar homon daga ƙwan mace, kuma ba man shafawa ne zai gyara ba. Sai kuma yaron da ya daina fita, yake ƙin zuwa makaranta, ko yarinyar da ta koma sa takunkumi kullum ba mura ba komai, ko da kurajen a idonki ba su da yawa a kai su, kuma a tsawatar wa 'yan uwan da ke tsokana a gida.

A cikin gari akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, a Zariya akwai na ABU da ke Shika, ana iya farawa daga likitan asibitin da ya fi kusa ya rubuta takardar turawa wajen likitan fata. Likita na iya ba da antibayotik na sha irin doxycycline na 'yan watanni tare da na shafawa, ana shan sa da ruwa mai yawa kuma ba a kwanciya nan take, mai ciki ba ta sha. Ga masu tsanani sosai akwai isotretinoin, yana aiki matuƙa amma yana nakasa jariri a ciki, don haka ba maganin da za a saya a intanet ko a karɓa a hannun ƙawa ba ne, sai da likita da gwaji da bibiya, budurwar da aka sa wa rana kuma ta faɗa wa likitan tun kafin ya rubuta.